Ruwan da Ya Tare Sama'ila a Taba

Sama'ila bai fara gudu don sha'awa ba. Likita ne a Ikara ya auna shi ya ce jininsa ya hau, kuma magani kaɗai ba zai riƙe shi ba sai ya riƙa motsa jiki. Manomin tumatir ne a Furana, ya haura arba'in, tunda kuma ya samu babur da 'yan ƙwadago ya rage taka ƙasa. Sai ya fara zagaya gonaki bayan sallar asuba, da farko da tafiya, daga baya da sassarfa. Kafin shekara ta zagayo, ranar da bai yi gudu ba jikinsa ba ya yi masa daɗi.

Da ya ji wata ƙungiyar matasa ta shirya gudun fanfalaki daga Makarfi zuwa Kudan ta hanyoyin ƙauye, sai ya je ya ba da sunansa. Matarsa Zulaihatu ba ta hana shi ba, ta dai ce ya tuna yana da yara ƙanana. Yayansa Hamisu ne ya yi faɗa, ya ce mai furfura a gemu ba ya tsere da sa'o'in 'ya'yansa, balle a tsakiyar damina. Amma da ranar ta zo, Hamisun ne ya goya shi a babur zuwa Makarfi, sannan ya wuce Kudan ya jira shi.

Gari ya waye a ɗaure, babu iska ko kaɗan, kowa yana gumi tun ba a tashi ba. Ana busa usur samari suka fice a guje. Sama'ila ya riƙe takunsa na kullum, yana wuce gonakin rake da na masara, har ya fara cim ma waɗanda suka zauna bakin hanya suna haki.

Wajen rabin tafiya hadari ya haɗu ta gabas. Iska ta fara isowa, ta kwantar da masara, sai ruwa ya kece har da ƙanƙara ƙanana masu zafi a fuska. Jar ƙasar hanya ta koma taɓo. Kowane taku sai ya ji kamar ana riƙe masa ƙafa, ga sanyi ya shige shi bayan wancan zafin. Masu baburan ƙungiya suka yi ta kwashe waɗanda suka sare. Ɗaya ya tsaya ya ce masa ya hau, ya girgiza kai.

A nan ne ya haɗu da Ashafa, wani makiyayi dogo daga rugar da ke kusa da Taba, tsaransa, yana gudu da takalmin roba. Sallama kawai suka yi da faɗin suna, suka jera.

Gab da Taba akwai kwalbati a kan wani rafi. Suka tarar ruwa ya haye hanya, ja wur, yana jan kara da ganye. Ashafa ya shiga gaba ya ce a bi tsakiya. Sama'ila ya bi shi, amma ruwan ya ture shi gefe inda hanya ta zaizaye. Ƙafarsa ba ta samu ƙasa ba. Ya ji ruwa a hanci da kunne, ya ji yana juyawa, babu abin da ya zo masa sai kalmar shahada. Can gaba rafin ya yi kwana, ya watsa shi cikin raken da iska ta kayar, ya ƙanƙame da hannu biyu. Ashafa, da ya biyo gaɓa a guje, ya kwanta rub da ciki ya kama wuyan rigarsa ya jawo shi.

Wani mai babur ya ga faɗawarsa daga nesa, bai ga fitowarsa ba. Ya zura Kudan neman taimako.

Su kuwa sun daɗe zaune cikin rake, Sama'ila yana tari yana fitar da ruwa. Sun ji babura suna wucewa ta hanya, ba su kawo komai a ransu ba. Takalminsa ɗaya ya tafi, gwiwarsa ta kuje, amma da ya miƙe ya ji ƙafafunsa sun ɗauke shi. Ashafa ya ce rugarsu ba nisa, su je ya sha ɗumi.

“Malam Ashafa, in kana ganin zan iya, mu ƙarasa.”

“Ban san abin da za ka iya ba,” in ji Ashafa. “Amma ba zan wuce in bar ka ba.”

Sama'ila ya cire ɗayan takalmin. Suka ratsa gona suka hau hanya can gaba, wani wuri gudu, wani wuri tafiya, ruwa yana tsagaitawa a hankali.

A filin makarantar da aka shirya ƙarewa, iska ta kayar da rumfa, mutane kaɗan ne suka rage, duk sun yi jugum. Babu wanda ya tafa musu. Zayyad, shugaban ƙungiyar, ya matso ya tambayi sunansa, ya sake tambaya, sannan ya zauna a benci ya rufe fuska da hannu. Sai a lokacin Sama'ila ya gane gawarsa ake nema a rafi.

Aka kira Hamisu a waya, yana can rafi cikin masu nema. Ya iso da taɓo har ƙirji, babu hula. Ya sauka bai ko kafe babur ɗin ba, ya dafa kafaɗun ƙanensa yana dubansa sama da ƙasa.

“Yaya, ka yi haƙuri.”

“Yi shiru,” in ji Hamisu. Ya miƙa masa waya. “Kira gida. Labari ya riga ya kai Furana.”

Da Zulaihatu ta ɗauka, Sama'ila ya ji kukan mata a bayanta. Ya yi sallama.

“Baban Lubna, kai ne?”

“Ni ne. Lafiyata ƙalau, takalmi ne kawai ruwa ya ci.”

Ta yi ta maimaita alhamdulillahi, sannan ya ji ta juya tana faɗa wa matan, kukan ya koma hayaniya.

Mai shayin bakin makaranta ya kawo musu kofi biyu masu tururi. Hamisu ya riƙe hannun Ashafa yana ta godiya, ya tambayi sunan mahaifinsa da kwatancen rugarsu, ya ce ranar Juma'a za su zo su gai da manya. Ashafa ya ce babu komai, Allah ne ya nufa. Ya shanye shayinsa, ya ce shanu suna can babu kowa sai tsohonsa, ya kama hanya.

Sama'ila ya zauna a ƙasa ya jingina da katangar aji. Rana ta ɗan leƙo. Ya miƙe ƙafafunsa, yana kurɓar shayinsa a hankali.