Makullai Uku da Na Ɓata

Kakana ya faɗa kwata da kekensa wata ranar Talata, daidai kwanar masu gyaran fanka. Bai karye ba, gwiwa kawai ya kuje, sai kuma hularsa da ruwa ya tafi da ita. Goggo, ƙanwar babana da ke riƙe da gidanmu, ba ta yi faɗa ba. Sifana ta aro, ta kwance feda biyun keken, ta zuba su cikin akwatin ƙarfen Kaka, ta kulle, ta zura makullin a zare ta rataya a wuya. Daga nan ta bi masu gyaran keken layinmu ɗaya bayan ɗaya, ta ce duk wanda ya sayar wa Baba feda ya kuka da kansa.

Akwatin nan ya girmi Goggo. Ƙato huɗu ba sa ɗaga shi, kubarsa irin ta da ce, makullinsa guda ɗaya tak, dogo, mai haƙori biyar. Kaka ya yi shekara hamsin yana yanka wa irin waɗannan akwatuna makulli, har hannunsa ya soma rawa ya bar mini shagon. Shi ya koya mini riƙon magagari, shi kuma ya laƙaba mini Hawainiya, wai kafin in gama makulli mai akwatin ya manta abin da ya ajiye a ciki.

Abin da ya fi damunsa shi ne Mai Agogo, abokinsa na ƙuruciya da ke can ƙetaren gada, wanda ƙafa ta hana fita. Kullum da hantsi Kaka kan je su zauna su yi ta musu a kan abubuwan da suka wuce. Goggo ta ce ya hau mota.

"A cusa ni a mota kamar buhu?" in ji shi. "Na fasa."

Washegari Goggo ta tare ni a bakin ƙofa. "Na san wurinka zai zo. In ka yanka masa makulli, ni da kai ne."

Tana fita shagon ɗinkinta, Kaka ya leƙo. "Hawainiya, ɗauko kayanka. Akwatin waye?"

"Naka ne, Tsoho."

"Mai akwati na tsaye a gabanka?"

"Yana tsaye."

"To me kake jira?"

Dokarsa ce ya tuna mini, wadda ya koya mini tun ranar farko: in mai abu na tsaye, kuba na gabanka, ba ka da ikon ƙi. Sai na ce a raina ba zan ƙi ba, amma ai ba a hana mutum kuskure ba.

Na durƙusa gaban akwatin, na kunna kyandir, na kara sabon makullin tagulla a kan wutar har ya yi baƙi da hayaƙi. Haka ake yi. In ka zura shi ka murɗa a hankali, duk inda ƙarfen ciki ya taɓa sai baƙin ya goge, wurin ya yi fari. Nan za ka goga da magagari, ka sake shafa hayaƙi, ka sake zurawa. Kwana biyu na yi a kan na farko. Haƙora huɗu suka fito sumul, gwanin kyau. Da na zo kan na ƙarshe sai na danna magagarin na zarce.

"Kash, ya ci da yawa," na ce.

Kaka ya karɓa, ya ɗaga shi ta wajen taga, ya daɗe yana dubawa. "Ba komai. Ni ma na sha ɓatawa." Ya jefa shi aljihu.

Na biyu na ɓata shi a haƙorin tsakiya, don kada ya ce kullum wuri ɗaya. Na uku kuma a haƙorin farko. Ina iya kwaɓa makullin gaba ɗaya, amma hannuna ya ƙi. Ko da gangan ne, ban iya barin mummunan aiki a gaban mutumin da ya koya mini ba. Haƙori ɗaya dai, shi ke nan. Kowanne Kaka ya karɓa, ya ce zai haɗa su ya yi wa kyanwa abin wasa.

Bayan na ukun ya ce in bari haka nan, tagulla na tsada. Kwana huɗu bai sake tayar da maganar ba. Yana ɗakinsa, ƙofa a saye. Har na fara jin tausayinsa, Goggo kuwa ta soma ƙara mini nama a kwano.

Ranar Litinin ya zo shago a ƙafa, yana dogara sanda. Ya zauna a tsohon bencinsa, ya dubi bango, ya ce an canza wa magagarai wuri. Can sai ya zaro wani ɗan kwali daga aljihu, an zana makulli a kai da fensir.

"Wannan shi ne jarrabawar da maigidana ya yi mini kafin ya sallame ni. Babu kuba, babu hayaƙi, daga zane kawai, yanka ɗaya. Ni a wuni guda na gama." Ya mayar da kwalin aljihu. "Kai dai bari. Wanda ya ɓata uku a jere."

"Kawo in gani."

"A'a, kada in kunyata ka gaban maƙwabta."

"Tsoho, kawo."

Na matse tagullar, na zauna. Ban taɓa yin aiki da natsuwa irin ta ranar ba. Wani abu ya riƙa yi mini kamar na san haƙoran nan, amma zanen yana kallon hagu ne, ni kuma hankalina na kan in ba shi kunya. Kafin rana ta karkata na gama, na goge shi har yana ɗaukar ido. Kaka ya ɗora shi a kan kwalin, ya yi daidai kamar an haife su tare.

"Ba laifi," ya ce. Ya sa a aljihu ya tafi, ya ma manta sandarsa.

Da hantsin washegari ina share gaban shago na ji ƙararrawar keke. Na san muryarta tun ina ƙarami. Sai ga Kaka yana turo keken, feda biyu a jiki, an shafa musu mai. Ya jingine shi, ya jera mini makullai uku a kan benci.

"Wannan ka ɓata na ƙarshe, wannan na tsakiya, wannan na farko. Duk haƙorin da ya lalace a ɗaya, yana nan lafiya a sauran biyun. Na haɗa masu lafiyar na zana, na juya zanen don kada ka gane. In za ka yi ha'inci, Hawainiya, ka daina yin sa da kyau."

Na ce, "Goggo za ta kashe ni."

"Ai kam. Aikinka ne, ko makaho ya shafa ya san gogarka ce."

"To yanzu hawa za ka yi?"

Ya murza kan ƙararrawar da babban yatsa. Hannun na rawa, har ƙarfen na ɗan kaɗawa. "Na gwada a lungu ɗazu," ya ce a hankali. "Hanyar ce ta koma rawa. Rufe shagon, kai za ka tuƙa, ni ina baya. Amma fedata a jikin kekena za ta kwana, akwatina kuma ni ke buɗe shi."

Na rufe shagon. Ya hau kariyar bayan keken ya zauna a karkace, ya riƙe mini riga. Na so in bi ta bayan layi, ya ce sam, ta gaban shagon Goggo za mu bi, kuma in rage gudu.

Tana bakin ƙofa da almakashi a hannu. Ta dube mu, ta dubi fedar, ta laluba zaren da ke wuyanta ta ji makullinta na nan. Kaka ya miƙo hannu ta gefena ya kaɗa ƙararrawa sau biyu.

"Baba, wa ya buɗe akwatin?"

"Ga shi nan yana tuƙi," in ji Kaka. "Sai mun dawo. Ki sa masa nama da yawa, gada da hawa."

Na taka feda ban waiwaya ba. Muna hawa gadar ya dungure ni a baya, ya ce in haka zan riƙa tafiya, Mai Agogo zai warke ya tako ya tarye mu a hanya.