Sunayen Mutanen Tasha

Laftof ɗin ta Liyatu ce, yayar Dawuda. Aro ta ba shi kafin a kira ta bautar ƙasa. Ɗan abin da ya iya na kwamfuta kuwa, a wajen ɗaliban jami'ar Gidan Kwano ya tsinta, masu zuwa shagon buga takardu inda yake aiki.

Aikin na maƙwabcinsu ne, Baba Maiwada, tsohon mai hoto a unguwar Ketaren Gwari. Yana da akwati cike da hotunan da mahaifinsa ya ɗauka a tashar jirgin ƙasa. Ɗan Baba, Umar Faruk, da ke Legas ya ce a tara su a shafin intanet, a rubuta sunan kowa a ƙarƙashin hotonsa tun tsohon yana iya tunawa, don ya fara mantuwa. Ran da ya tashi garau sai ya gaya maka sunan mutum da na uwarsa da unguwarsu. Wata rana kuma sai ya tambaya ko ya karya, ga kofin a hannunsa.

Dawuda ba shi da intanet a gida. Ya je kafe na intanet ya sauko da abu biyu a filashi. Ɗaya manhajar da ke mai da laftof ƙaramar saba, yadda shafi zai buɗe a cikinta ba sai da intanet ba. Ɗayan kuma shirin shafi ne da aka riga aka kafa, kai dai zuba kaya za ka yi. Ya zauna a baranda ya saka ta farkon, ya jira alamunta suka zama kore. Ya kwance shirin a foldar saba, can cikin C, ɓangaren da manhajojin laftof ke zama. Ya buɗe sabon databes, wato rumbun da duk rubutu zai zauna, ya sa masa suna da kalmar sirri. Shafin ya ƙi tashi. Ya daɗe yana kallon allon kafin ya gane bai gaya wa shirin sunan rumbun ba. Da ya gyara, sai ga hoton wani Bature yana dariya a bakin ruwa, da rubutun gwaji a ƙasa.

Baba Maiwada ya leƙo. "Wannan kuma ɗan gidan wa ne?"

"Na gwaji ne, Baba. Da shi shirin ya zo."

"Cire shi, ɗan Irimiya. Wannan bai taɓa cin tuwon tasha ba. Umar Faruk yana ganinmu yanzu?"

"A'a. A cikin laftof ɗin nan kaɗai yake. Sai mun gama a ɗora."

Haka suka ci damina. Kullum bayan la'asar sai Dawuda ya buɗe hoton da ya ɗauka da sikanar shago, tsoho ya kanne ido ya faɗi suna, shi kuma ya rubuta a shafin. Akwai wani dogo riƙe da fitilar jirgi, hularsa a karkace. "Yisa mai fitila," in ji Baba. "Shi ya koya mini busa da yatsa, ubana ya zane mu mu biyu."

Da takardar kiran Liyatu ta fito, ta ɗauki laftof ɗinta Dawuda yana wurin aiki. Ta ga tana nauyi, sai ta kai wa Sheshi mai gyara a kasuwa. Sheshi hanya ɗaya ya sani, kuma duk layin masu gyara haka ake yi: a kwashe hotuna da waƙoƙi da takardu, a yi fomat a goge komai, a mayar.

Dawuda ya same shi washegari yana cin gyaɗa a kan teburin gyara.

"Kwamfutan yana tari ne, na wanke shi tas," Sheshi ya ce da Hausarsa ta Banufe. "Ban taba zubar da kayan mutum ba. Duba, har wakan coci na anti yana nan."

"Akwai wata folda a cikin C."

"A C? Wa yake ajiye kaya a C? Dakin inji ne wannan. Kai kana kwana a cikin janareto?"

Dawuda ya duba. Hotunan suna nan, kowanne da lambar da sikana ta ba shi. Sunayen ne babu, sun tafi da rumbun. Ya yi wa Sheshi sai an jima ya fito.

Liyatu ta ce, "Da ka gaya mini."

"Ban gaya miki ba, Yaya."

Ta ce ya riƙe laftof ɗin har ta dawo daga sansanin bautar ƙasa.

Filashin kafe yana aljihunsa, don haka ya sake daga farko. Saba, kore, folda, rumbu. Wannan karon shafin ya tashi ba gardama. Baturen ya dawo bakin ruwansa yana dariya. Dawuda ya cire shi, ya ɗauki laftof ya shiga gidan Baba Maiwada.

Tsohon yana zaune a kan tabarma. Ya kalli hoton farko ya faɗi suna ba wahala. Na biyu ya faɗi wani sunan da ba shi ya faɗa da damina ba. Dawuda ya ɗan tsaya, sannan ya rubuta sabon, tunda ba shi da tabbas a kan na da. Wasu shi ya tuna wa Baba. Wasu kuwa su biyun duk ba wanda ya tuna, sai ya bar gurbin fari.

Suka iso kan dogon mai fitila. Baba ya matso da fuskarsa har numfashinsa ya taɓa allon.

"Wannan dai ma'aikaci ne," ya ce. "Ga fitila."

"Ka ce Yisa ne, Baba. Wanda ya koya maka busa."

"Ni na ce?"

"Kai ka ce."

Tsohon ya sa yatsu biyu a baki ya gwada, iska kawai ta fito. Ya goge su a rigarsa.

"To rubuta Yisa."

Dawuda ya rubuta. Kafin ya tashi ya fitar da kwafin rumbun ya sa a filashi, ya sake sa wani a foldar waƙoƙin Liyatu, inda Sheshi ke dubawa. Baba ya tambaye shi ko Umar Faruk yana ganinsu yanzu. Ya ce tukuna.