Burtalin da Na Ja da Hannuna

Ran Laraba mutanen wata ƙungiya sunka zo garinmu daga Dakoro, sunka shimfiɗa taswira bisa tabarma. Wai wasa ne na koyon shawara kan sha'anin gari. Ni Tsahara, da na tsufa ina cin maza a dara, na ce a matsa mini.

Madam Raudatu, mai jan wasan, ta ce manomi shi zama makiyayi, makiyayi shi zama manomi. Anka ba ni duwatsu goma, wai shanuna ne, in kai su mashaya. Amiru Bafillace anka ba tsaron gonaki.

Na hangi wani fili kore, na ratsa tsakiyarshi da shanuna har mashaya. Amiru bai tare ni ba, dariya kawai yake.

"Inna, kin ci!" in ji madam. "Wannan hanya za mu kai meri, ofishin magajin gari, a duba ko nan za a ja burtali."

Na ce, "Gonar wane ne?"

Amiru ya nuna da yatsa. "Ga gawo biyu nan. Taki ce, Inna. Allah shi saka da alheri!"

Innalillahi! Gonar da nake ciyar da jikoki bakwai!

Na danne taswirar da tafi. "Ɗiyata, a dara ba a tashi da ci ɗaya. A maido duwatsu."

Karo na biyu ta gefe na bi da shanun, a hankali. Ran zaman meri kuwa, a bakin ƙofa mai gadi ya iske ni, na riga kowa zuwa don in kare gonata.