Ba a Yi wa Mai Shawara Allura

Maharazu ya rasu ranar Laraba da hantsi a gidansu da ke Mai'adua, kafin sakamakon gwajin jininsa ya dawo daga Katsina. Manomin rani ne, tun yana saurayi ƙafarsa ke cikin ruwan dam. Abdulbaƙi, maƙwabcinsa a gida da gona, shi ya kai shi asibiti a Daura, shi kuma ake zargi.

Ciwon ya daɗe. Ciki ya kumbura, ido ya yi ɗorawa. Iya, mahaifiyar Maharazu, ta ce shawara ce, ta jiƙa saiwa a tulu. Kowa a unguwar ya san ba a yi wa mai shawara allura.

"Ba zuba masa komai za a yi ba, Iya," in ji Abdulbaƙi a lokacin. "Ɗiban jini za a yi. Likita na zargin tsutsar ruwa ce ke cin hantar, jini ne zai nuna."

"Allura allura ce, ɗan nan. Ƙarfe ne."

Daga kan tabarma Maharazu ya ce, "Tayar da mashin, Baƙi. Ko tafiya ce, in san sunan abin da ya kai ni."

Da aka dawo daga maƙabarta, Iya ta sa aka kira Abdulbaƙi cikin gida. Ba ta amsa gaisuwarsa ba.

"Ka huda mini yaro. Hankalinka ya kwanta?"

"Allah ya jiƙansa, Iya. Yana aman jini tun kafin allura. Kuma ruwan da ya shiga, ni da Lawal muna cikinsa kullum."

Lawal shi ne ɗan da ya rage mata.

"Cire sunan Lawal daga bakinka. Fita."

Washegari Abdulbaƙi ya koma Daura ya miƙa nasa hannun aka ɗebi jini. Daga can bai biya gida ba, ya zarce wurin zaman makoki, ya zauna tsakiyar mutane, ya naɗe hannun riga har kafaɗa. Auduga na manne a damtsensa da filasta. Hira ta tsaya.

Lawal ya matso, ya daɗe yana kallon audugar.

"Yaya Baƙi, da zafi?"

"Cizon sauro ya fi shi."

"Lawal!" Iya ta kwaɗa kira daga bayan katanga.

Lawal bai tashi daga wurin ba. Har aka share makoki, jinin Maharazu yana Katsina, ba a faɗi abin da aka gani a ciki ba.