Tsintsiyar Briskila

Briskila ba ta cika sati biyu da haihuwa ba mijinta Istifanus ya kama ta a bakin ƙofa da safiyar Asabar, tsintsiya a hannu, tana takawa da ƙyar. Kunun kanwarta na ɗaki ya huce.

"Uwargida, sai ina da ɗanyen jego?"

"Coci zan share," ta ce.

Shekara da shekaru, tun suna neman haihuwa ido rufe, ita ke share cocinsu na Ƙofar Ƙaura duk Asabar. A ranta, sharar nan ce ta samo musu 'yarsu Keziya.

"Baban Keziya, in na daina fa? In Ubangiji ya ga na samu na kwanta, ya karɓe abinsa?"

Bai yi dariya ba. Ya riƙo hannunta a hankali, ya mayar da ita bakin gado, inda jaririyar ke barci baki buɗe.

"Dube ta. Tunda ta zo me ta tsinana miki? Ta hana ki barci, ta ɓata miki zanen zumuntar matan coci, ko tsinke ba ta kawar ba. Mu mayar da ita?"

"Allah ya kiyaye!" Ta rungumo 'yarta.

"To, kin fi Yesu ƙauna ne, masoyiyata? Ya gama aikin a kan gicciye. Wannan kyauta ce, ba lada ba."

Ta yi kuka sosai a kafaɗarsa, sannan ta miƙa masa tsintsiyar.

"Ɗumamo mini kunun."

Kafin ya dawo, uwa da 'ya sun yi barci.