Makullin Liang

Na daɗe ina dafa wa masu gadin jirgin ruwanmu shinkafa tsakanin Hong Kong da Swatow, a gaɓar ƙasarmu ta Sin, amma ban taɓa ganin wanda hassada ta cinye kamar Tsoho Cong ba. Shi ne babba cikin masu bindigar da kamfanin Turawa ya ɗauko daga lardin Shandong. Abu ɗaya yake so a duniya, makullin ƙofar ƙarfen da ta raba fasinjoji da ɗakin tuƙi. Ɓarayin tekunmu ai tikiti suke saye su zauna cikin mutane, sai an yi nisa su miƙe. Don haka mai riƙe da makullin nan, daga kyaftin sai shi.

Kwatsam kyaftin ya miƙa makullin ga Liang Shouren, ɗan ƙauyensu Cong, wanda Cong ɗin ne ma ya koya wa saɓa bindiga.

Daga ranar Cong ya daina zama tebur ɗaya da shi. In Liang ya wuce makullin na kaɗawa a ƙugunsa, sai Cong ya taɓa ni ya ce ga bunsuru mai ƙararrawa nan. Ni dai in yi ta yankan kabejina, ba ruwan biri da gada.

Wata safiya a Hong Kong wasu ƙarti cikin fararen kayan makoki suka hawo da akwatin gawa, wai ubansu za su mayar gida. Liang ya ga yadda nauyin ke lanƙwasa su, ya ce a buɗe. To, a wurinmu akwatin da aka riga aka buga wa ƙusa ba a taɓa shi, wanda ya buɗe ya ja wa zuriyarsa masifa. Cong ma ya ga nauyin, a gabana ya gani. Amma sai ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ƙanena, ƙofa ɗaya aka ba ka makullinta, har ka kai ga ta matattu? Kai ba ka da uba ne?"

Fasinjoji suka ɗauki guna-guni. Kunya ta rufe Liang, ya ce ya bi maganar yayansa, ya ja gefe. Ranar Cong kwano biyu ya ci, har da neman ƙarin kifi.

Da rana tsaka, ƙasa ta ɓace mana, uban nasu ya fito daga akwati, ashe bindigogi ne zalla. Cong na sintiri a ɓangaren fasinjoji aka fara harbi. Doka ta ce ba a buɗe ƙofar ƙarfe ko uwarka ce a waje. Liang ya buɗe, ya fizgo Cong ciki, ya murɗa makulli, harsashi ya same shi a wuya. Jirgi ya tsira. Liang bai kai Swatow da rai ba.

Kyaftin ya ba Cong makullin. Sai dai har yau ma'aikatan jirgi "makullin Liang" suke cewa, kyaftin kansa in ya manta Liang yake kira a bakin ƙofar.

Ran nan Cong ya shigo kicin idonsa jajur. Na ɗauka kuka ya zo yi, har na zuba masa shayi.

"Ka gani ko?" in ji shi. "Bai cece ni don ni ba. Don a yi ta faɗar sunansa ne."

Ya yagi tsummana, ya naɗe makullin tam don ya daina ƙara.