Baƙon Tsuntsu a Tafkin Jabi

Mutanen da wannan labari ya shafa su ne Alhaji Uthman, tsohon ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke zaune a Gwarinpa. Da 'yarsa Nazeefa. Da Thaddeus, masunci a tafkin Jabi. Da Datti, mai gasa kifi a bakin ruwan.

Tun da ya yi ritaya, Alhaji Uthman ya mayar da kallon tsuntsaye abin yinsa. Bai cika faɗa wa kowa ba, don gudun a ce dattijo ya koma wasan yara. Hawan jinin ido ya riga ya cinye masa na hagu, likita kuma ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye cewa na daman da wuya ya kai damina.

A ranin nan ne wani babban tsuntsun teku ya sauka a tafkin, shi kaɗai. Bai riƙa ba, jikinsa duk dabbare-dabbare ne ruwan ƙasa. Waɗanda suka riƙa a cikin irinsa ba su da wuyar rarrabewa, wani bayansa baƙi, wani ruwan toka. Amma ƙananansu kamar an tsaga kara suke. Sai an ga fiffiken a buɗe, an duba ko akwai haske a tsakiyar gashinsa, an kuma lura da faɗin baƙin da ke ƙarshen wutsiya. Alhaji ya ƙudura a ransa cewa zai san ko wane iri ne kafin idon ya rufe.

Kullum da safe Nazeefa take sauke shi a bakin tafkin kafin ta wuce ofis. Ya ɗora madubin hangen nesa a kan idon da ya rage, tsuntsun ya tashi, shi kuwa hazo kawai yake gani.

"Baba, mutane suna zuwa nan neman kifi, kai kana neman abin da ke sace mana kifi," in ji Thaddeus.

"Ɓarawon naka nake so in gani kusa. Da zan same shi a hannuna, da buƙatata ta biya."

"Wannan ƙazamin? Ko kaza ya fi shi kyau."

Alhaji ya yi murmushi. Thaddeus ya dubi idon da ya mutu, ya dubi tsuntsun, ya yanke hukunci a zuciyarsa: dattijo mai ciwon ido ba ya bin baƙon tsuntsu kullum sai in mai magani ne ya aiko shi, kuma irin wannan ba a tambayar babba.

Ranar wata Asabar suka iso, ruwan fayau, babu tsuntsu. Thaddeus ya zo ya rusuna, ya miƙa baƙar leda da hannu biyu.

"Baba, ga shi. Da raga na kama. Na san ba za ka ci yankana ba, shi ya sa na kai ma Datti."

Datti ya ɗago daga wajen wutarsa. "Da bisimilla na yanka, Alhaji. Na fige shi tas, kada a ba Hajiya wahala."

Alhaji ya sa hannu a ledar. Nama ne mai sanyi, ba kai, ba ƙafa.

"Gashin fa?"

"Na zuba a wuta tun jiya," in ji Datti.

Nazeefa ta buɗe baki za ta yi magana, mahaifinta ya riƙe mata hannu. Ya yi ta laluben ledar har Thaddeus ya fara tsarguwa.

"Ko ba shi ba ne, Baba?"

"Shi ne. Allah ya saka maka da alheri, Thaddeus."

"Allah ya sa maganin ya yi aiki."

Alhaji ya riƙe ledar a cinyarsa har gida. Kafin ruwan farko ya sauka idon dama ya bi na hagu, bai kuwa san ko wane tsuntsu ne ya ziyarce shi ba.

Iyakar abin da na iya rubutawa ke nan. Da girmana na koyi alƙalami, saboda haka duk wanda ya ga inda na kuskure, ina roƙonsa ya gyara mini.